Tulu Na Huɗu

Etelka ta tsoma tsumma a ruwa, ta matse, ta ɗora a kafaɗar tulun ta fara gogewa. Tsawonsa ya kai mata ƙirji, baƙi ƙirin da hayaƙi, da sauran ɗumin tanderu a jikinsa. Ma'aikata kusan ashirin sun kewaye ta suna kallon hannunta, babu mai ko tari. In baƙin nan ya sauka, ja ne ya kamata ya bayyana, jan nan mai walƙiya da yake rikiɗa ya koma ruwan zinariya idan mutum ya ɗan karkata kai. Amma abin da ya fito launin hanta ne, hantar da ta wuni a teburin mahauci.

Ta ci gaba da gogewa har kafaɗarta ta ƙage. Zangarniyar alkamar da ta yi sati uku tana zanawa, da 'yan matan da ke riƙe da lauje, da shamuwa biyu a kan rufin gida, duk suna nan, sai dai kamar daga kwata aka tsamo su.

"Na uku ke nan," in ji Piroska, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a ɗakin zane. "Kwamared darakta, ko mu kai wa mahauta su ajiye a ƙofar shago? Ko ba komai zai tara musu ƙudaje."

Babu wanda ya yi dariya. Gáspár, shugaban masana'antar, ya zuba hannu a aljihu yana kallon ƙasa. Can ya ce a kai shi sito wurin 'yan'uwansa, ya juya ya fita.

Shekara tamanin sunan gidan su Etelka yana rubuce a saman ƙofar masana'antar nan kafin a kankare shi. Kakanta, Vadnai na farko, da tulunan madara ya fara a wata rumfa a bakin rafin Tarnód, shi da matarsa da doki ɗaya mai ɗauko yumɓu. Kafin ya mutu, tayil ɗinsa kore da ruwan ɗorawa sun rufe coci-coci har bakin iyaka. Mahaifinta ne ya samo jan. Shekara goma sha ɗaya yana gasa tukwane yana fasawa, har mutanen gari suka fara cewa ya taɓu, sannan jan ya yarda ya fito. Da ya rasu, yayanta Bertalan ya gaji masana'antar da littafin haɗin, ita kuma ta gaji kujerar da ke kusa da taga a ɗakin zane. Ba ta yi aure ba, ba ta kuma taɓa neman abin da ya wuce kujerar nan ba.

Sai makon Ista na shekarar 1948. Bertalan ya zo aiki da safe ya tarar da mutum biyu a bakin ƙofa riƙe da takarda: masana'anta ta zama ta gwamnatin 'yan gurguzu. Ko hularsa da ke rataye a ofis ba su bari ya ɗauka ba. Wanda aka ɗora a kujerarsa kuwa Gáspár ne, ɗan Baba Lőrinc mai kula da tanderu, wanda suka tashi tare a tsakar masana'antar suna satar tuffa a lambu ɗaya. Aka daina kayan ado, aka koma yin fararen kofunan nan da ake ɗaura wa turakun lantarki. Bayan shekara biyu mota ta zo ta kwashe Bertalan da matarsa Jolán, kowa da akwati ɗaya, zuwa wani sansani a makiyayar gabas, hayin kogin Tisza. Etelka aka bar ta, saboda sunanta yana cikin jerin ma'aikata. Hatimi take buga wa gindin kofuna daga safe zuwa yamma, har zuwa bana da aka tuna ana bukatar abin da za a nuna wa duniya a wani baje koli a ƙasar waje.

Washegarin fitar tulu na uku aka kira ta ofis. Wani jami'i ne ya zo daga babban birni, saurayi mai rigar fata, yana zaune a bakin tebur yana kaɗa ƙafa, taba a hannu. Gáspár yana tsaye kamar shi ne baƙon.

"Sau uku, kwamared darakta," jami'in yake cewa. "A wurinmu akwai sunan da ake kiran irin wannan, kuma sunan ba kuskure ba ne. Zagon ƙasa ake ce masa."

"Ni mai wuta ne, ɗan mai wuta," in ji Gáspár. "Farin kofi, in gasa maka dubu goma ido rufe. Jan nan kuwa ba a taɓa bari mun san kansa ba. Littafin yana hannunmu, mun bi shi harafi bayan harafi. Amma akwai lokacin da ake jefa itacen hayaƙi a toshe bututu. Wannan ba ya cikin littafi. A idon mutum ɗaya yake."

"Wane ne?"

"Ga ƙanwarsa nan. Tambaye ta."

Etelka ta ɗago kai ta dubi jami'in.

"Yayana ne," ta ce. "Tun rasuwar babanmu ba a taɓa gasa ja ba sai yana tsaye da agogo a hannu."

Jami'in ya daɗe yana kallonta ta cikin hayaƙin tabarsa. Ya ce shi bai taɓa jin an nemi taimakon maƙiyin talakawa a aikin talakawa ba. Ya tashi ya leƙa taga, ya dawo, ya tambayi kwana nawa take ɗauka ta zana tulu. Ta ce sati biyar, ita da ta saba gamawa a uku. Ta saci kallon Gáspár, shi kuwa farcensa yake dubawa.

Da suka fito, ya biyo ta har bakin matakala.

"Etelka."

"Aikin sati tara ka mayar mini hanta," ta ce, ba ta ko waiwaya ba. "Kujerar ce kawai ka iya ɗauka."

"Na sani," ya ce.

Babban birni ya amince a kawo shi. Ranar Laraba jirgin ƙasa na rana ya sauke Bertalan, ɗan sanda a bayansa. Etelka ta wuce shi sau biyu tana leƙa taragu. Wani tsoho ne a tsaye da kwat da aka ɗaure da igiya a ƙugu, kumatu sun zurma, gashin nan da yake shafa wa mai ya koma kamar tsohon burushi. Sai da ya yi magana ta gane shi.

"Etus, kin tsufa," ya ce, da sunan da yake kiranta tun tana yarinya.

"Kai kuwa, Yaya, saurayi ka koma."

Ya yi dariya, ta ga babu haƙoransa na gaba, dariyar kuma ta juye tari har sai da ya dafa kafaɗar ɗan sandan.

An yarda ya zauna wurinta, da sharaɗin kullum ya je ofishin 'yan sanda ya sa hannu. Ɗaki ɗaya gare ta a bayan coci. Ta bar masa gado, ta koma kan benci kusa da murhu. Ranar farko ta dafa miyar dankali da jan barkono, ta sa ɗan kitsen da ta daɗe tana ɓoyo. Ya ci yana kare kwanon da hannu ɗaya. Da ta juya ɗauko ruwa, ta hango shi yana cusa guntun burodi a aljihu. Ta daɗe tana neman kofin da ke gabanta, don ya gama.

Sai a kwana na huɗu ya yi maganar Jolán. Wasiƙa ta riga ta gaya wa Etelka cewa ta rasu, layi biyu kawai. Yanzu ya faɗi sauran. A garken tumaki aka zuba su, mutum fiye da ɗari a kan ciyawa, iska tana shigowa ta ko'ina. Sanyin farko ya kama ƙirjin Jolán. Babu likita, babu limamin coci, ko ƙararrawa ba a kaɗa ba. Da katakon kwamin dabbobi ya yi mata alama.

"Ta ba ni saƙo," ya ce, yana kallon murhu. "Ta ce in gaya miki shuɗiyar rigar nan da kika ara tun kafin yaƙi, ta yafe miki."

Etelka ta yi dariya, dariyar ta ƙwace mata ta zama wani abu dabam. Ya bar ta ta yi mai isarta.

A masana'anta kuwa wani mutum ya koma. Da ya shiga ƙofa, tsofaffin ma'aikata suka riƙa taɓa hula a sace, wani ya raɗa masa, "Barka da dawowa, maigida." Bayansa ya miƙe. Ya shiga ɗakin haɗi ya shinshina garin tagulla, ya murza yumɓu a yatsa, ya ce an bar shi ya yi tsaki-tsaki, a sake niƙawa. Gáspár ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce sannu da hanya. Bertalan ya dubi Piroska.

"Piroska, gaya wa ɗan Lőrinc ina son turmi mai tsabta da ruwan tsami na inabi. In ya san inda ake ajiye su."

"Ga shi a gabanka, maigida, kunnensa biyu kamar na kowa," in ji ta.

"Ke na gaya wa."

Haka aka yi ta yi har sati biyar. Gáspár bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Abin da aka nema ya kawo. Wata rana likitan masana'anta ya zo ya ce doka ce sabuwa, a duba ƙirjin duk mai aiki a ɗakin haɗi, alhali mutum ɗaya ne a ɗakin. Ya saurari bayan Bertalan, ya ba da kwalbar magani. A waje ya gaya wa Etelka ta riƙa ba shi madara da ƙwai, kada kuma ya sake yin sanyi a wuri mai danshi. Ta dube shi kawai. Shi ma ya san irin wurin da za a mayar da Bertalan.

Ita kuwa jan ƙafa ta riƙa yi da zanen. Kowace ƙwayar alkama sai ta yi mata inuwa, kowane gashin shamuwa sai ta bi shi ɗaya-ɗaya.

"In kika ci gaba haka," in ji Piroska, "alkamar nan sai ta nuna an girbe ta kafin ki kai wuyan tulu."

"Idona ne ya yi rauni."

"Ai na gani. Nawa ma ya yi, shi ya sa jiya na zubar miki da haɗin aka sake sabo."

Kumatun Bertalan suka ɗan ciko. Ya daina ɓoye burodi. Ranar Lahadi suka je kabarin iyayensu, ya tsaya yana faɗa wa dutsen cewa sun nemi su yi ba da shi ba, abin ya gagara. Amma duk jan ƙafar duniya tulu yana da baki, kuma ta kai bakin. Waya ta zo daga babban birni: ranar Juma'a a gasa.

Tun da safe aka kunna wuta. Wajen ƙarfe uku na rana aka daina ƙara itace, aka bar tanderun ya fara hucewa, domin a kan hanyar hucewar ne lokacin yake. Gáspár ya cire kwat ɗin ofis, ya ɗaura tsohuwar rigar fata ta mahaifinsa, ya ce shi da kansa zai jefa. Damin ƙirare masu ƙaro yana gefensa. Bertalan yana tsaye a ramin leƙe da agogon aro a hannu, ya leƙa, ya dubi agogo, ya sake leƙawa. Etelka ta raɓe jikin bango, inda take tsayawa tun tana yarinya.

"Yanzu!" in ji Bertalan.

Gáspár ya sunkuya ya ɗaga damin, igiyar ta kwance, ƙiraren suka watse a ƙasa. Ya durƙusa yana tsinta ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce yanzu! Kurma ne kai?"

Ya tattara, ya miƙe, sai kuma ƙugiyar buɗe ƙofar wuta ta ɓace. Ya duba bayan itace, ya duba ƙarƙashin benci. Wani ma'aikaci ya zabura zai taimaka, ya daka masa tsawa ya koma baya.

"Jaki!" Bertalan yana ihu yana tari, jijiyar wuyansa ta tashi. Karo na farko ke nan da ya yi masa magana kai tsaye. "Ubanka da hannu ɗaya ya fi ka! Wannan ne suka ba kujerata?"

"Haka ne, maigida. Yi haƙuri, maigida."

Daga inda Etelka take, tana ganin fuskarsa. Yana durƙushe yana lalube, amma idonsa ba ya kan ƙasa. Yana kan tsagar da ke ƙarƙashin ƙofar wuta, inda hasken ciki yake fitowa, yana sauka a hankali daga launin lemo zuwa na garwashin da ya fara gajiya. Babu alamar ruɗewa a idon nan. Jira yake yi. Can, kamar an taɓa shi, hannunsa ya faɗa kan ƙugiyar da take ƙarƙashin gwiwarsa tun ɗazu. Kafin a ƙifta ido ya buɗe, ya jefa, ya rufe, ya ja murfin bututu. Baƙin hayaƙi ya fara tsattsafowa ta kowace kafa.

Sai wani abu ya faɗo mata, wanda ta gani sau ɗari tana yarinya ba ta taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Mahaifinta yana tsaye a ramin nan da agogonsa na zinariya, Baba Lőrinc yana tsugune gaban wuta. Baba Lőrinc zai cire hula ya share zufar sanƙonsa, sai mahaifinta ya ce yanzu. Kullum hular ce take riga. Bayan mahaifinta, haka Baba Lőrinc ya yi wa Bertalan har tsohon ya mutu, Gáspár kuma yana gefensa yana miƙa itace.

Ashe masu wuta ne suka san lokacin. Ta nemi wuri ta zauna a kan buhun yashi.

Ranar Litinin aka buɗe, jami'in nan yana tsaye. Ta ɗora tsumma, ta goga sau ɗaya, sai wani a bayanta ya ambaci sunan Allah da ƙarfi, ya manta yana gaban jami'in gwamnatin da ba ta son a ambace shi. Ja ne kamar an hura wuta a cikin tulun. Inda hasken taga ya sauka ya koma zinariya, ƙarƙashin fukafukan shamuwa har da shunayya. Piroska ta toshe baki da gefen rigarta. Bertalan ya matso ya ɗora tafinsa a cikin tulun, hawaye yana bin ramin kumatunsa, bai share ba.

"Allah ne ya rufa asiri," ya ce. "Da wancan ya ƙara minti ɗaya yana shirme, da an sake yin hanta."

"Gaskiya ne," in ji Gáspár.

Jami'in ya zagaya tulun sau biyu, ya ce a nemo akwati da ciyawa mai laushi. Sannan ya dubi takardar hannunsa ya ce mutumin nan jibi zai koma.

Da rana ta sami Gáspár a bayan sito, tsakanin tulin fararen kofuna, yana zaune shi kaɗai yana cin burodi da albasa.

"Guda ukun nan," ta ce. "Da gangan ne."

Ya ci gaba da tauna.

"Ki rage murya."

"To me ya hana ka ɓata na huɗun? Da sun ƙara masa sati biyar. Da ya wuce tsakiyar sanyi a nan. Ka ji abin da likita ya ce!"

"Kina tsammani ban yi tunaninsa ba? Har ina durƙushe gaban wutar ina tunaninsa." Ya ajiye wuƙar. "Sun gaya mini tun kafin ya zo. In na huɗu ya ɓaci, zagon ƙasa ne, kuma shi za a fara ɗora wa laifin. Ba makiyaya za su mayar da shi ba, Etelka. Na rubuta a bar shi nan a matsayin mai ba da shawara. Sau biyu na rubuta. Sun ce aiki ya ƙare."

Ta tsaya tana kallon hannuwansa, duk tabon ƙuna.

"Ya kira ka jaki a gaban mutanenka."

"Tun muna yara yake kirana haka." Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Kada ki gaya masa. Me zai koma da shi can? Akwatinsa ma babu komai a ciki. Bar shi ya tafi da wannan."

Ta kwana biyu da maganar a bakinta. Tana ɗinke masa tsohon bargo a cikin kwat, tana naɗe kitse da sukari a takarda, sau uku tana buɗe baki. Shi kuwa yana zaune bakin gado yana ba ta labarin yadda ya gane lokacin, yadda launin ya yi masa magana, yadda jinin Vadnai ba ya ƙarya. Rabon da ta ga idonsa da haske haka tun kafin yaƙi. Ta ciji zare, ta bar maganar a cikinta.

A tasha dusar ƙanƙara ta fara sauka sama-sama. Jirgi ya kusa tashi sai ga Gáspár da ƙunshi a hammata, takalman sanyi ne masu gashi a ciki. Ya miƙa wa Etelka, sannan ya cire safar hannu ya miƙa wa Bertalan hannu.

Bertalan ya dubi hannun, ya mayar da nasa aljihu.

"Etus, gaya masa ya koyi ɗaure igiya."

"Yaya, don Allah..."

"Kada ki damu." Ya sumbace ta a goshi. "Za su sake nemana. Sun ɗanɗana, ba za su iya haƙura ba. Kafin Ista ina nan. Ki ajiye mini gadon."

Ɗan sandan ya taimaka masa ya hau. Takalman ya karɓa, don ta ce ita ta saya. Jirgi ya ja. Gáspár ya daɗe da hannu a waje kafin ya tuna da safarsa.

Aka kai tulun ƙasar waje, aka ce ya samu lambar yabo. Hotonsa ya fito a jarida, baƙi da fari, an rubuta a ƙasa cewa aikin ma'aikatan Tarnód ne. Etelka ta yanke ta aika wa yayanta. Ya amsa da wasiƙa mai tsawo, rubutun yana karkata, yana zayyana irin tulun da za su yi nan gaba, mai furen rumman. Ta koma buga hatimi a gindin kofuna.

A tsakiyar Fabrairu wata wasiƙar ta zo, ba da rubutunsa ba. Wata mata ce da suke garke ɗaya. Ta ce bai sha wahala sosai ba, kwana shida ne. An binne shi kusa da matarsa. Takalman an ba wani tsoho, shi ya ce a yi haka.

Ta je aiki washegari, domin ba ta san inda za ta je ba. Piroska ta karɓe hatimin daga hannunta ta yi aikin mutum biyu, ba ta ce uffan ba, ita da ba a taɓa jin bakinta ya huta ba.

Bayan kwana tara Gáspár ya shigo ɗakin zane lokacin da kowa ya tafi cin abinci. Ya ajiye takarda a gabanta. Tun Disamba yake rubuta wa babban birni cewa ya kamata a yi jan tulu biyu don bikin ma'aikata na watan Mayu. Amsar ce ta zo. An amince. An kuma ba da izini a kawo mutumin nan na wata biyu, daga farkon Maris.

Ta karanta har ƙasa, ta duba kwanan watan da aka sa hannu, ta ninke ta mayar masa.

"Sai ka gasa musu da kanka."

"Ni?" Ya girgiza kai. "Ni ai ban iya ba. Yana rubuce a ofishinsu, da sa hannuna, da shaidarki. Ranar da na fitar da ja daga tanderun nan, ranar za su tambaye ni guda ukun da ke sito."

"To ka koya wa wani."

"Su tambaye shi wa ya koya masa."

Ta dubi taga. A tsakar masana'anta ana loda wa mota fararen kofuna, ana jera su cikin ciyawa.

"Me za ka rubuta musu?"

"Gaskiyar da suka sani. Mutum ɗaya ne ya iya, kuma ya rasu."

Ya tsaya kamar akwai sauran magana, hularsa a hannu. Etelka ta jawo kujerar Piroska da ƙafa ta tura masa. Ta buɗe ƙunshin abincinta, ta raba burodin biyu, ta ajiye rabi a gabansa. Ya zauna. Suka ci tare har aka busa ƙahon komawa aiki.